Shekarar da Anka Ɗauki Shirun Gidanmu

Ku matso kusa, ku aje wayoyin nan, ku ba ni kunnuwanku. Ga magana nan tafe gare ku, ba tatsuniya ba ce, ta cikin gidan nan ce. Hadiza, ke da kika yi lakkwal, karatun boko, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini ko kalma guda.

Na ji abin da kuke faɗa in kun ga na ba da baya. Kuna cewa ubanku ne ya kori kakanku daga gidan nan saboda gitar, har tsohon ya je ya rasu a Garu. Na ji shi a bakinku, na ji shi a bakin mata wurin suna. Shekara da shekaru ina ji ina yin shiru, shi kuma ubanku bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Yanzu ƙarfina ya tafi, ba ni son in kwanta dama in bar shi ɗauke da kayan da ba nasa ba.

Kakanku masunci ne. Tun yana yaro yake cikin gulbi, har ƙirjinsa ya gaza, ya bar ma ɗan ƙanensa jirgin, ya dawo ya zauna ƙarƙashin rumfar nan ta tsakar gida yana ɗinke tarun mutane, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. A sanyin shekarar da nake ba ku labari tari ya kama shi. Sanyi ya wuce, tarin bai wuce ba. Munka kai shi likita, anka ba shi ƙwayoyi, ya sha, ya ɗan lafa, ya dawo. Tari ne mai zurfi, in ya taso sai ka ce guga ake ja daga rijiya mai nisa. Amma bakinsa bai mutu ba. Mutum ne mai ba'a, kowa a unguwar nan yana da sunan da ya laƙa masa.

Ubanku kuwa ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba zan kira ba. Lokacin nan buhunan albasa yake lodi a kasuwa, ran biki kuma ya ɗauki gitar ya tafi kiɗa. Gitar ɗin ta wuta ce, ba ta magana sai an haɗa ta da wani baƙin akwati da ya sayo a Gaya, wanda suke ce ma ampili. Da zarar an sa masa wuta, tun ba a taɓa tsirkiya ba, sai ya fara gurnani ƙasa-ƙasa. Kakanku ya ji shi ranar farko ya ce wannan ai dorina ce, haka take numfashi in ta nutse kusa da jirgi. Sunan ya bi shi, har ubanku da kansa ya koma yana ce masa dorina.

A wani biki can Gene wani mutumin Paraku ya ji kiɗansa. Ya ce yana haɗa makaɗa da za su riƙa yawo da su gari-gari, ya aiko masa da waƙa biyar, ɗauka mai tsabta, kafin ruwan fari ya sauka. Ubanku ya haura arba'in a lokacin. Bayansa ya fara ciwo da buhu, na sha ganinsa yana miƙewa da dafa bango. Na san in wannan ƙofa ta rufe wata ba za ta buɗe ba. Ya aro odinatar, na'urar nan kwamfuta, wurin wani abokinsa malamin lakkwal, ya samo mikuro na ɗaukar murya, ya ɗauki waƙa biyu ya aika. Kwana biyu mutumin ya kira. Ya ce kiɗa ya yi, amma yana jin akuya, yana jin taɓarya, yana jin kamiyo, babbar motar kaya, na hawan kadarko, ƙarƙashin komai akwai wani ƙugi kamar zuma a rami, kuma akwai wani tsoho da ke tari. Ya ce wannan ba ta shiga ko'ina.

Daga ranar gidanmu ya shiga yaƙi da ƙara. Ubanku ya kwashe kayan ɗakin baya, ya jingina katifu a bango, ya toshe taga da tsummoki. Ya zaɓi tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ke kwantar da kowa, direbobi na barci ƙarƙashin motocinsu. Akuyoyi anka kai gidan maƙwabta. Uwarku Rakiya ta koma yin daka tun da hantsi. Ku kanku anka riƙa tura ku gidan kawunku. Ya gane fitilar nan doguwa tana ƙara wa dorina ƙugi, anka kashe ta. Ya gane bantilo, wato fanka, shi ma na shiga, anka kashe shi, ga shi bazara ce, ƙasa na ƙuna. Ya gane in waya na kusa, ko ba a kira ba, sai ta riƙa yi masa tsit-tsit cikin kiɗa, don haka duk wayoyin gidan ake kashewa a zuba cikin ƙwarya, ni ke riƙe ƙwaryar. Ya kuma gane in ya juya jikinsa da gitar ƙugin na raguwa ko ya ƙaru, ya yi ta juyawa kamar mai neman alƙibla, har ya samu inda ya fi sauƙi. Wurin nan kuwa fuskarsa na bango, bayansa na ƙofa. Ku riƙe wannan. Duk abin da ke faruwa a rumfa, shi bai gani ba. Ni ce na gani.

Akwai abin da yake yi kowace rana kafin ya taɓa tsirkiya. Sai ya leƙo ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, ya ɗauki shirun gidan, gwargwadon karatun Fatiha biyu. Na tambaye shi mi ake yi da shiru. Ya ce na'urar sai an nuna mata datti tukuna, kamar yadda nake nuna wa yarinya tsakuwa cikin shinkafa, in ta gane shi sai ta bi waƙar tana tsince shi. Na ce to ta tsince tarin babanka mana. Ya ce ƙarar da ke tafiya bai ɗaya take iya tsincewa, shi kuwa tari faɗowa yake ba sallama, ya hau kan kiɗa ya manne, in ya shiga sai dai a zubar da waƙar a sake daga fari.

Kakanku ya ji wannan magana. Daga ranar ya fara riƙe tarinsa. Na ce ya koma ɗaki, ya ce ɗaki ba bantilo kabari ne. Na ce ya je gindin bedi a waje, ya ce ƙafarsa ba ta kai shi, kuma yana son ya ji yaron na kiɗa. Sai ya zauna a rumfa, carbi a hannu, in tarin ya taso ya haɗiye shi. Ina kallon jijiyoyin wuyansa na tashi. Wata rana na ga ya cusa bakin bargonsa a baki, kafaɗunsa na girgiza, idonsa ya yi ja, hawaye na zuba. Ya riƙe har waƙar ta kusa ƙarewa, sannan ya kuɓuce masa. Kiɗa ya tsaya cikin ɗaki. Can munka ji ubanku ya sake daga fari. Ranar sau shida ya sake.

Washegari na aika wa gwaggonku Zainabu a Garu, na ce ta share ɗaki. Ba wanda ya sa ni. Na sami kakanku bayan ya karya kumallo, na ce masa zafin garin nan Malanbil ya yi masa yawa, a Garu akwai iskar gulbi, ga 'yarsa na marmarinsa. Ya daɗe yana kallona, yana murmushin nan nasa.

"Iskar gulbi kike so in sha, ko dorinar ɗanki ke son fili?"

"Iskar gulbi, Malam."

"To. Kwana nawa?"

"Goma."

Ya ce to, Allah shi kai mu. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ya san lokacin da nake ƙarya, ni ma na san ya sani.

Da ubanku ya dawo daga kasuwa ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce in bar Baba inda yake, in ya yi tari zai sake, ai ba hannun wani yake ara ba. Na ce sau nawa zai sake, ga gajimare sun fara haɗuwa a gabas. Ya ce ko sau ɗari. Na ce ni na haife shi, kuma na gama magana. Kun san ubanku, bai taɓa ɗaga murya a gabana ba. Ya sunkuyar da kai ya shiga ɗaki.

Anka kira mai kabu-kabu. Ni na ɗaure kakanku a bayan mai mashin da zanena, kamar goyo, don kada ramukan hanya su kayar da shi. Na miƙa masa bargonsa, ya ce wa ke rufa da bargo a bazara, in aje masa. Tarun da yake ɗinki ya bar shi rataye a rumfa, rabi a ɗinke. Da za su tashi ya leƙa wajen ɗakin baya ya ce a gaya wa dorina ta yi kuka son ranta, mai jirgi ya bar mata ruwa.

Gida ya yi tsit. Ba akuya, ba taɓarya, ba tari. Ubanku ya ɗauka, ya saurara, ƙugin nan na zuma yana nan daram. In na'urar ta tsince shi da ƙarfi sai kiɗan ya koma kamar ana yin sa cikin randa. Kwana huɗu yana fama. A na biyar ya je ya kira Saini, wani Badande mai gyaran rediyo kusa da duwan, ofishin kwastan, mutum mai surutu, mai dariya. Saini ya shiga ɗakin ya duba, ya dafa ampili, ya sa yatsa kan tsirkiya ya ɗauke, ya sake sawa. Ya ce wutar gidan ba ta da hanyar komawa ƙasa, shi ya sa take yawo cikin akwatin tana kuka. Ya samo wani dogon ƙarfe ya kafa bayan ɗakin har ya nutse, ya ja waya daga gare shi zuwa ciki, ya ce mini kowace safiya in zuba masa ruwa da ɗan gishiri, don busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta. Ya sa Rakiya ta cire firigonta na ƙanƙara daga wuta har a gama. Nan take dorina ta sauke numfashi.

Sannan ya ga mikuro. Ubanku ya ɗora shi kan kujera a tsakiyar ɗaki, nesa da akwatin, wai don ya ji kiɗa yadda mutum zaune ke jinsa. Saini ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai baƙo ka zaunar, dole ya ji tsegumin gida duka. Ya ɗauko shi ya manna a bakin ampili, tazarar yatsa biyu, ya rage masa ji, ya ce a ba shi wani abu mai kauri. Rakiya ta waiga, abin da ke kusa shi ne bargon kakanku. Ya lulluɓe akwatin da mikuron gaba ɗaya, ya bar bayansa a buɗe don zafi. Ya ce ubanku ya kaɗa, Rakiya ta je ta yi daka a tsakar gida, ni kuma in tsaya bakin ƙofa in yi ta magana. Munka yi. Anka saurara. Kiɗa kaɗai ya fito, garau, kamar ruwan tulu. Ba taɓarya, ba muryata.

Na ce, "Saini, da a ce mutum na tari a rumfar can fa?"

"Ko su goma ne, Inna. Su yi har da atishawa."

Shi bai san abin da ya faɗa ba. Ubanku bai kalle ni ba, ya aje gitar ya ce zai je ya ɗauko Baba yanzu.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne da kyau, don na farko kuskure ne, na biyu kuwa da idona buɗe na yi shi. Na ce a'a. Na ce hanya ta jijjiga shi a tafiya, kada a sake jijjiga shi kwana biyar kacal. Na ce kwana uku sun isa a gama waƙoƙin, ranar asabar mu je mu duka mu ɗauko shi da mota. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne a raina ba. Abin da ke raina kunya ce. Ban san da wane ido zan kalle shi in ce masa ya haɗiye tarinsa a banza, na ɗaure shi a bayan mashin a banza ba. Na so in sami kwana uku in shirya fuskata. Ubanku ya tsaya riƙe da takalminsa a hannu, ya ce, "Inna." Na ce ya shiga ya yi aikinsa.

Ranar alhamis ya gama huɗu. Ranar juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga yin ta biyar. Na tattara wayoyi kamar kullum, na kashe, na zuba a ƙwarya, na zauna a rumfa a wurin kakanku da ƙwaryar a cinyata. Kiɗan ranar ya yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Har na lumshe ido ina kaɗa ƙafa. Gab da la'asar sai ga mashin ya tsaya a ƙofar gida da ƙarfi, wani maƙwabcin Zainabu ya shigo duk ƙura, ya ce tun azahar ake kiranmu, wayar kowa a kashe.

Mun isa Garu an riga an rufe masa fuska.

Zainabu ta ce da azahar numfashinsa ya canza, ya ce a kira masa uwarsu da yayanta. Ta kira tawa, ta kira ta ubanku, ta kira ta Rakiya, ta sake bi da bi. Ya tambaye ta ko sun ɗauka, ta ce a'a. Ya tambayi lokaci, ta gaya masa. Sai ya ce mata, "Bar su, lokacin ɗauka ne. Kada ki sa musu ƙara." Daga nan bai sake magana da kowa ba sai kalmar shahada. A can anka binne shi, inda in iska ta juyo ana jin ƙamshin ruwa.

Bayan sadakar arba'in ubanku ya zauna gaban odinatar, kafin ya mayar wa mai shi, yana neman muryar babansa. Ko tarin ne, ya ce, ya samu. Amma na'urar ƙaramin ciki gare ta, duk ɗaukar da tari ya ɓata yakan goge ta nan take don ya sami wuri. Ya bi ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙi biyar suna nan, tas, ba ko numfashin mutum a ciki. Kakanku bai taɓa riƙe waya ba, ba wanda ya taɓa ɗaukar maganarsa. Sai can a wani lungu ya tarar da shiru guda, cikin waɗanda yake ɗauka don nuna wa na'ura datti, na kwanakin da mikuro ke tsakiyar ɗaki yana jin komai. Ya manta bai goge shi ba. Ya ƙara masa ƙarfi, ya kira ni, ya sa mini abin ji a kunne, shi kuma ya fita.

Da farko dorina ce ke numfashi. Can nesa kamiyo na hawan kadarko. Kurciya ta yi kuka sau biyu. Sai ƙwayar carbi, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Sai numfashin mutum da ake riƙewa da ƙarfi. Sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa, kamar yaron da ke neman izini:

"An gama? In yi tarina?"

Sai wata murya ta amsa masa, kusa da shi, a gaggauce:

"Dakata tukuna."

Muryata ce.

To, kun ji. Ubanku cewa ya yi a bar shi, ni na tura shi. Ubanku cewa ya yi a ɗauko shi, ni na hana. Ƙwaryar wayoyi a cinyata take. In kuna neman wanda za ku ɗora wa, ga ni zaune gabanku.

Waƙoƙin an aika, ruwan fari ya sauka bayan kwana biyu. Mutumin Paraku ya ce bai taɓa jin ɗaukar gida mai tsabta haka ba, ya ce ya zo. Ubanku ya ce ba ya zuwa, ni na tilasta masa, na ce kada abin ya tashi a banza gaba ɗaya. Ya je ya yi rani guda da su, ya dawo da kansa, ya ce in ya hau dandamali sai ya riƙa jiran tari. Yanzu yana kiɗan biki jefi-jefi, bai sake ɗaukar komai ba, kuma bai sake yin kiɗa da bayansa a ƙofa ba. Uwarku Rakiya ta wanke bargon ta ninke, yana cikin akwatina. Gwaggonku Zainabu tana zuwa ta gaishe ni da Sallah, ta durƙusa yadda ya kamata, amma ba ta sake kwana a gidan nan ba, ban kuma tambaye ta dalili ba. Saini ya koma Gaya da shagonsa. Har yau in ya gan ni a kasuwa sai ya tambaye ni ko ina shayar da ƙarfensa, in ce ina shayarwa, kuma gaskiya ne, kowace safiya nakan zuba masa ruwa, ko da yake ba abin da ke haɗe da shi yanzu. Tarun nan ɗan ƙanen kakanku ya zo ya ƙarasa ɗinkinsa ya tafi da shi gulbi.

Ni kuwa ga ni. Shi ya sa kunka ga ban taɓa ce wa ɗayanku ya yi shiru ba, ko kuna fasa mini kai. Ubanku ya sa mini shirun nan a wayata, Hadiza ta san inda yake, ita ke kunna mini in gida ya watse. Nakan zauna a rumfa in kara shi a kunne, in bi kamiyon, in bi kurciyar, in ƙirga carbin, ina shirye. Da ya tambaya nakan ce masa, yi abinka, Malam. Amma kullum waccan matar ta cikin waya sai ta riga ni.

Nan maganar ta tsaya. Aje alƙalamin, Hadiza.